Makaranta: Tilas Ce Ko Ganin Dama?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a ƙasarmu ta Bagudo. Ana yinta a kasuwa, ana yinta a bakin kogi sa'ad da ake jiran jirgin fito, ana yinta kuma a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Gardamar ita ce, shin daidai ne hukuma ta tilasta wa mutum ya sa ɗansa a makaranta, ko kuwa a bar kowane uba ya yi yadda ya ga dama da abin da ya haifa? Waɗansu suna cewa ɗa na ubansa ne, gwamnati ba ta ba shi ko cokalin kunu ba. Waɗansu kuwa suna cewa in aka bar wa iyaye zaɓi, yara da yawa ba za su taɓa riƙe fensir ba har su mutu. Mu da muke rubuta wannan miji da mata ne. A nan muka yi renon 'ya'yanmu, ga jikoki kuma sun fara isa shiga aji ɗaya. Saboda haka maganar ta shafe mu ƙwarai. Muna so mu faɗa muku inda muka tsaya, da dalilin da ya sa muka tsaya a wurin.

Bari mu fara gaya wa masu karatu na nesa irin wurin da muke zaune. Bagudo ƙaramar hukuma ce cikin Jihar Kebbi, a masarautar Gwandu. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahome kafin shekara ta 1975. Cikin garuruwanta akwai Illo, da Lolo, da Ka'oje, da Tsamiya, da Zagga. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa duka suna nan zaune tare. Ana noman shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, ana su, ana kiwo, ana fatauci. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta cikin 1898, suka raba ƙasar Bargu biyu. Shi ya sa za ka tarar da wa yana Lolo, ƙanensa yana Madekali, ko kuwa mutum yana Tsamiya, 'yarsa tana aure wajen Segbana. Yaron wannan gefe Turanci yake koya a aji, na wancan gefe Faransanci. Amma a kan maganar tilas, bakin ƙasashen biyu ɗaya ne.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ran 30 ga Satumba 1999, aka kuma yi masa doka cikin 2004. Dokar ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, tilas ne kuma, watau shekara 6 a firamare da shekara 3 a ƙaramar sakandare. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karo na fari za a ja masa kunne. Karo na biyu, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, ko duka biyu. Bayan wannan, naira 5,000 ko ɗaurin wata 2, ko duka biyu. A Benin kuwa, tsarin mulkinsu na 1990 ya ce karatun firamare tilas ne, cikin 2006 kuma gwamnatin Shugaba Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare.

To, ga doka a rubuce. Duk da haka Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya yi ƙiyasin cewa yara wajen miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu kuwa a Arewa suke. Cikin 2022 hukumar UNESCO, wadda ta haɗa har da 'yan sakandare, ta ce sun kai wajen miliyan 20. A wancan gefe ma, lardin Alibori da muke maƙwabtaka da shi yana cikin lardunan Benin da yara suka fi ƙarancin zuwa makaranta. Mu kanmu ba mu taɓa ganin an ci wani uba tara a kan wannan laifi ba. Ashe a takarda tilas ce, a ƙauye kuwa ganin dama ne. Gardamar da muke yi ke nan ba ta iska ba ce, gama abin da kowane gida ya zaɓa shi ne yake aiki.

Yadda muka shiga

Tilas ba baƙuwa ba ce a wurin iyayenmu. A zamanin En'e akan aiko wa hakimi ya kawo yara kaza domin makarantar elementare, shi kuma ya raba wa dagatai. Tsofaffi sun ba mu labarin yadda akan ɓoye yaro cikin rumbu ko a tura shi ƙetaren kogi wurin dangi, sa'an nan a miƙa ɗan marar gata a madadinsa. Daga baya waɗannan marasa gata ne suka dawo malamai da ma'aikatan asibiti da akawuna, waɗanda aka ɓoye suna kai musu wasiƙa su karanta.

Mu biyu 'yan UPE ne. A watan Satumba 1976 gwamnatin soja ta buɗe karatun firamare kyauta a dukan ƙasa. A lokacin Bagudo tana cikin Jihar Sakkwato, gama sai 1991 aka yi Jihar Kebbi. An sa ran yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Ba isassun azuzuwa, ba isassun malamai, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa. An yi niyyar mai da shi tilas cikin 1979, amma abin bai tabbata ba. Mun yi karatu a ƙarƙashin itace, muna rubutu a ƙasa da yatsa kafin allo ya samu. Duk da haka a nan muka koyi baƙi da wasali.

A gidan su uwargida 'yan mata biyu ne suka isa shiga a shekarar. Da mai rubuta sunaye ya zo, aka ba da ƙarama, aka ce babbar ba ta nan, domin ita take kai abinci gona, ita take goyon ƙanenta. Yaya ta fi ƙanwarta kaifin kai, kowa a gidan ya san haka. Yau shekarunta sun kusa 60. In aka rubuta mata magani a asibiti, sai ta nemi wanda zai gaya mata sau nawa za ta sha. In ɗanta ya aiko da saƙo ta waya, sai jika ya karanta mata, asirin gida kuwa ya fita. A majami'a tana riƙe da littafin waƙoƙi, amma da ka take rerawa. Ba wanda ya tambaye ta a 1976 ko tana so. Wannan shi ne abu na fari da muke so masu cewa a bar zaɓi su duba. Zaɓin ba na yaro ba ne. Babba ne yake zaɓa, yaro ne yake biya, har tsufansa.

Hujjar masu cewa a bar wa iyaye

Ba za mu ce maƙwabtanmu masu wannan ra'ayi ba su da hankali ba. Mun zauna da su, mun ji hujjarsu, tana kuwa da nauyi.

Manomi ya ce, sa'ad da shinkafa ta fara nuna, jan-baki yakan sauka kamar hadari. In ba yara a gona suna kora tun da asuba, aikin shekara ya tafi. Bafulatani ya ce, shanu ba su san ranar Litinin ba. Masunci da yake zaune a tunga ya ce, in ruwa ya cika, sai ɗansa ya shiga kwalekwale kafin ya kai aji, wa zai biya shi in jirgi ya kife? Wani kuma ya nuna mana ɗan maƙwabcinsa wanda ya gama sakandare, ba aikin gwamnati, ya kuma raina fartanya. Ya ce, "Nawa da bai je ba, ga shi da babur, yana ɗauko kaya daga iyaka, yana ciyar da uwarsa." Maƙwabtanmu Musulmi da yawa suna cewa 'ya'yansu ba jahilai ba ne, suna zuwa makarantar allo. Gaskiyarsu, ƙasar Gwandu ƙasar malamai ce tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, Nana Asma'u kuwa ta koyar da mata a ƙauyuka tun kafin Bature ya zo.

Akwai kuma tsoro, wanda ya fi dukan waɗannan. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Nuwamba 2025 aka sace 'yan mata 25 a makarantar sakandare ta Maga. Duka biyu a jiharmu ne. Uwar da ta ji wannan labari ta ce 'yarta ba za ta kwana a makaranta ba, wa zai ce ta yi wauta?

Mu Kirista ma muna da namu uzuri. Mun ji 'yan'uwa suna cewa ba za su sa yaro inda babu malamin Addinin Kirista ba, kada ya dawo da halin da ba na gida ba.

Inda muka tsaya

Bayan mun auna wannan duka, mun tsaya a kan cewa karatun fari ya zama tilas. Ga dalilanmu.

Na ɗaya, in aka ce ganin dama, ba dukan yara ne sukan zauna a gida ba. Ku duba unguwarku ku gani. 'Ya mace ce takan zauna, da maraya, da ɗan riƙo, da ɗan matar da ba a so, da gurgu. Ɗan mai hali kullum yana aji. Tilas ita ce kaɗai gatan yaron da ba shi da mai yi masa magana.

Na biyu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gona tana jiran mutum ko yana da shekara 15, amma karatu yana da wuya ga wanda ya wuce lokacinsa. Waɗanda suka taɓa koyar da ajin yaƙi da jahilci sun san yadda dattijo yake fama da harafin da yaro ɗan shekara 6 yake kamawa cikin mako guda.

Na uku, abin da iyaye suke dogara da shi ba tabbas gare shi ba. A watan Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, suka yi fiye da shekara a rufe. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, ribar masu kai mai ƙetare ta ragu ƙwarai. Cikin 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Mun ga samarin da suka bar aji saboda kuɗin iyaka sun koma zaman kashe wando. Karatu kuwa ba a rufe shi da umarni, ruwa kuma ba ya tafiya da shi. Mai noman shinkafa ma yana bukatar ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi, ya lissafta canjin naira da sefa, ya san abin da yake dangwala wa hannu a takardar bashi. Mutumin iyaka da bai iya karatu ba, sau biyu ake cutarsa, da Turanci da Faransanci.

Game da tsoronmu na Kirista, mu tuna Musa ya yi karatu a gidan Fir'auna, Daniyel kuma ya yi shekara 3 yana koyon harshe da littattafan Babila, ba wanda ya bar Allahnsa a cikinsu. Timoti a hannun uwarsa da kakarsa ya koyi bangaskiya. Wannan aikin gida ne da na ikkilisiya, ba a ɗora wa hedimasta ba. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Uban da ya hana ɗansa karatu ya rufe masa shi. Martin Luther ma, cikin 1524, ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus su kafa makarantu domin yara maza da mata, cikin 1530 kuma ya yi wa'azi cewa hukuma tana da iko ta sa iyaye su aika da 'ya'yansu.

Tilas mai baki biyu

Amma kada a ɗauka tilas a kan iyaye kaɗai take. Dokar 2004 ta fara ɗora nauyi a kan gwamnati kafin ta ambaci uba. Ta ce a ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan karatu, kowace jiha kuma ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa. Ta kuma ce wanda ya karɓi kuɗin makaranta daga hannun yara yana iya biyan tarar da ta kai naira 10,000, ko ɗaurin wata 3. Ku lura, hukuncin mai karɓar kuɗi ya fi na uban da ya ƙi kai ɗa.

Ƙasashen da suka riga mu ma da haka suka koya. Faransa ta mai da firamare kyauta cikin 1881, sa'an nan ta mai da ita tilas cikin 1882. Ingila ta sa tilas cikin 1880 alhali iyaye suna biyan kuɗi, talakawa suka sha wuya, sai 1891 aka ɗauke wa yawancinsu kuɗin. Ba a ce wa mutum ya sha ruwa kafin a haƙa rijiya.

Mun taɓa sa ɗanmu a wata makaranta inda malami ɗaya yake riƙe da aji uku, rufin aji ɗaya kuma iska ta yaye shi, damina biyu ba a gyara ba. Yaron da ya yi shekara 6 a irin wannan wuri ya fito bai iya karanta sunansa ba, an yi masa hasara biyu, ba boko, ba noma. Manomin da ya ga haka ya janye ɗansa ba tara yake bukata ba, malami yake bukata. Haka kuma gwamnatin da ta ce a kawo mata yara, wajibi ne ta tsare su har su koma gida lafiya.

Akwai hanyoyin da aka riga aka gwada. Cikin 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, mai hedkwata a Kaduna, domin a kai makaranta ruga da tungayen masunta, a kuma daidaita lokacin karatu da lokacin kiwo da su. A Benin, cikin 2017, gwamnati ta ɗauki shirin ciyar da yara a makarantun firamare tare da Shirin Abinci na Duniya. Danginmu na can sun ce ranar da aka ɗora tukunya aji yakan cika. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da yake hannunmu

'Yan'uwa, ba za mu naɗe hannu muna jiran Abuja ko Birnin Kebbi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muka gwada a gidanmu da ikkilisiyarmu, muka ga amfaninsa.

Mu mai da tilas dokar gida. A gidanmu ba a tambayar yaro ko yana son zuwa, kamar yadda ba a tambayarsa ko yana son shan maganin zazzaɓi. Mace da namiji duk ɗaya, ɗan ciki da ɗan riƙo duk ɗaya. Ba a ɗaura wa yarinya aure tana tsakiyar karatunta.

Mu raba aiki da lokaci. Yaro ya tafi aji da safe, ya bi ubansa gona da yamma da ranar Asabar da lokacin hutu. Kwanakin korar tsuntsu manya su karɓi safiya, ko maƙwabta su haɗa kai su yi karɓa-karɓa. Ɗan makarantar da ya iya fartanya ba zai zauna banza ba ko bai sami aikin ofis ba.

Mu duba abin da yaro ya koya. Kada mu gamsu da riga da jaka. Da dare a ba shi littafi ya karanta da ƙarfi a gaban kowa. In uba bai iya ba, a kira wanda ya iya ya saurara. In yaro ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, a je a ga malaminsa cikin ladabi. Mu halarci taron iyaye da malamai, mu yi magana, mu kuma kai kukan rufi da na ƙarancin malamai wurin hakimi da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama aji ɗaya 'ya'yanmu suke zama.

Mu buɗe ƙofa. Wanda yake zaune kusa da makaranta ya karɓi ɗan ɗan'uwansa na tunga ko na ruga, ya riƙe shi kamar nasa, kada ya mai da shi bara. Mun riƙe yara biyu haka. Hatsi ya ragu a rumbu, amma ba mu kwana da yunwa ba.

Ikkilisiya kuma ta tuna asalin makarantar Lahadi. Robert Raikes ya fara tasa a Gloucester ta Ingila cikin 1780 domin yaran da suke aiki kwana 6 a mako, karatu ne kuwa ya fara koya musu. Bencin majami'a yana nan ba kowa daga Litinin zuwa Asabar. Zumuntar mata da ta matasa suna iya buɗe ajin yamma domin waɗanda lokaci ya wuce su, da yaran da makaranta ta yi wa nisa. Dattawa kuma su ziyarci gidan da aka ajiye yaro, su ji dalili. Sau da yawa kuɗin riga ne ko na littafi, abin da baiko na Lahadi ɗaya zai biya.

'Ya'ya amana ne a hannunmu, za a kuwa tambaye mu yadda muka riƙe su. Kafin sabon zangon karatu ya zo, bari kowane mai gida da uwargida su zauna su ƙidaya yaran da suke kwana a gidansu daga shekara 6 zuwa 15, su tambayi kansu ko akwai wanda aka bari a baya. In akwai, a kama hannunsa a kai shi. Allah ya ba mu hikima da ƙarfin yin haka, ya kuma kiyaye yaranmu a hanya da cikin aji. Amin.